Tambayar Kaka Kafin Ta Hau Kabu-kabu

Jiya a tashar Konni na ga wata tsohuwa za ta hau kabu-kabu, sai kakata ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Ita ba ta hawa sai ta tambayi mai babur, "Yaro, uwarka na da rai?"

Wata ranar kasuwa zan kai ta asibiti, muka hau babur ɗaya. Ina bayanta, mayafinta na ƙamshin turaren wuta. Da ta yi wa yaron mai babur tambayarta, ya ce uwarsa na ƙauyen Bazaga. Muna hawa kwalta ya so ya kutsa tsakanin kamiyon albasa, babbar motar kaya, da amalanken jaki. Hayaƙi ya rufe mana ido, na ji hucin taya a gwiwata.

Kaka ta dafa kafaɗarsa. "Ɗana, ni na ci zamanina. Kai hwa, wa za ya tahi Bazaga ya gaya mata?"

Ya taka birki. Nan take kamiyon ya kauce wa rami, ya bi daidai inda za mu shiga. Har muka isa asibiti yaron a hankali ya riƙa tuƙi.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka, ya mai da kowane ɗa gida lafiya.