Mai Walda da Furannin Sukari

Duk wanda ya taso a layin nan ya san Mai Walda, don shagonsa ya daɗe a bakin titi, tsakanin rumfar Mai Faci da ta Mai Katako. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Tafin hannunsa ya yi kanta, bayan hannun duk tabon tartsatsi, yatsun kuma kamar da gatari aka sassaƙa su. Ƙofofin unguwar da tagoginta, da gadajen ƙarfen da yara suka yi ta tsalle a kai har suka girma, yawanci aikinsa ne.

Kek kuwa sana'ar mai ɗakinsa ce. Tun suna ɗaki ɗaya na haya take gasawa a babbar tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Da ya ga hayaƙi na neman kashe mata ido, sai ya samo tsohon durom ya ƙera mata murhun gashi mai hawa biyu da ƙofa. Kek ɗinta na da daɗi, amma adonsa ne ya fitar da ita. A zamanin ba a sayar da kayan adon kek a kanti, komai da hannu take yi. Takan tankaɗe garin sukari har ya koma kamar hoda, ta kwaɓa da farin ƙwai da ɗigon lemun tsami, ta murje a kan tebur da kwalba. Sai ta yanko ƙananan zagaye, ta latse bakinsu da yatsa har ana ganin haske ta ciki, ta naɗa wannan a kan wancan, kafin ka ankara furen wardi ya tsaya a hannunta. A kiret ɗin ƙwai take jera su su bushe. Ɓawon lemu ma ba ta zubarwa, takan yanka shi siri-siri ta dafa a ruwan sukari har ya yi sheƙi. In ta samu cakulan, ta narkar ta shafa a bayan ganyen lemun, ya daskare, ta ɓare ganyen, sai ga wani ganye mai jijiyoyinsa wanda ake ci.

Shi dai a wancan lokacin nasa bai wuce na gefe ba. Shi ke yanka mata gwangwanin madara ya lanƙwasa shi siffar zuciya ko tauraro don yankan kwaɓi, shi ya tsoma ƙafafun teburinta cikin gwangwanaye da ruwa saboda kiyashi. Ladansa furen da ya karye. In ya dawo da yamma ya yi wanka, sai ya zauna a bakin ƙofar kicin ta miƙo masa gutsattsarin a murfin kwano, yana ci yana cewa yau ma Allah Ya sa an yi ɓarna. Ita kuma ta ce da gani addu'arsa ce ke karya mata kaya. A haka suka tarbiyyantar da 'ya'ya uku, manyan biyu suka tafi inda aiki ya kai su, Auta ta yi aure a wata unguwa.

Ciwon ya shigo ne a hankali. Da farko in ta tashi da safe yatsunta kan sandare, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi su saki. Daga baya gaɓoɓin suka kumbura, suka fara karkacewa. Aka je asibiti, aka sha magani, zafin ya ragu amma yatsun ba su koma yadda suke ba. Tana iya kwaɓi, tana iya gashi, latsa bakin fure ne ya gagara. Ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai ya lura murfin kwanon nan kullum ƙara cika yake.

Ana haka Mai Katako ya tashi aurar da 'yarsa, kuma tun yarinyar na ƙarama matar Mai Walda ta yi mata alkawarin kek mai hawa uku da farin wardi. Wata rana Mai Walda ya shigo cin abincin rana ya tarar da matarsa zaune gaban tebur, kwaɓin ya bushe ya tsattsage, hannuwanta a kan cinya. Ba kuka take ba, amma da ma kukan ne da ya fi masa sauƙi.

"Baban Auta, ka je ka ba Mai Katako haƙuri," ta ce. "Hannun nan ya ƙi."

Ya dubi teburin, ya dube ta. Sannan ya jawo kujera ya zauna.

"Nuna mini yadda ake yi."

Ta kalli hannuwansa, ta kalli fuskarsa ko wasa yake. Da ta ga ba alamar wasa, sai ta tura shi ya wanke hannu da sabulu da buroshi har sau uku, wai ba za a ci ƙamshin ƙarfe a kek ɗinta ba. Ta sake kwaɓi, ta yanko masa zagaye, tana gaya masa inda zai latsa da inda zai sassauta. Ya sunkuyar da kai yana gumi kamar mai ɗaga inji. Da ya gama ya ɗora abin a tafin hannu ya miƙa mata. Ta juya shi hagu, ta juya shi dama.

"Wannan ai kabeji ne," ta ce. "Da miya za a ci shi?"

Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, tana riƙe ciki. Rabon da ya ji wannan dariyar har ya manta. Ranar bai koma shago ba.

Wahalar farko zafin hannunsa ce, kwaɓin na taɓa yatsunsa sai ya narke ya manne. Ta ajiye masa kwanon ruwan sanyi a gefe, ya tsoma, ya goge, ya barbaɗa garin sitaci, sannan ya taɓa. Ta biyun kuma ƙarfi ne. Mutumin da ya saba da guduma, yanzu ana ce masa ya riƙe abu kamar yana riƙe da fiffiken malam-buɗe-littafi. Kabeji ya yi ta fitowa, har wata safiya ta ɗauki ɗaya ta kai bakin taga ta daɗe tana dubawa, ta ajiye shi a kiret cikin masu kyau. Tun daga ranar ya koma kiranta Malama, sunan kuma ya zauna mata har a bakin maƙwabta.

Kek ɗin 'yar Mai Katako ya fita a kan lokaci. A wurin bikin Mai Walda yana zaune cikin maza ya ji mata na wucewa suna cewa hannun matar nan sai ƙara kyau yake, ya gimtse fuska kamar ba da shi ake ba. Ya so abin ya tsaya tsakaninsa da Malama, amma kalar kek ta tona shi. Mai Faci, wanda bakinsa bai san hutu ba, ya hango ja a gefen faratansa.

"Mutumina, jan farce ka fara sawa da tsufanka?"

Ya ce fenti ne. Mai Faci ya kamo hannun ya shinshina, ya ce shi bai taɓa jin fenti mai ƙamshin madara ba. Kafin la'asar labari ya zagaye layin. In ya zo wucewa sai wani ya ce a yi masa ƙofa mai fure, wani ya tambaya ko ana walda da sukari yanzu. Abin ya sosa masa rai, ya koma gida ya ce da Malama shi kam ya gama. Ba ta roƙe shi ba, ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe. Ya kwana yana juyi. Da safe ya cika wani gwangwani da furanni, ya je ya dire a kan tayar da ke gaban rumfar Mai Faci, ya ce ga aikin, mai iyawa ya yi irinsa. Suka kewaye suna kallo, ba wanda ya yarda ya fara taɓawa. Can Mai Faci ya ɗauki guda, ya naɗe a takarda ya sa a aljihu, ya ce jikarsa zai kai wa. Tsokanar ba ta mutu ba, amma ta sauya launi. Yaran layin suka laƙaba masa Baba Fure, shi ma ya daina ɓoye hannu.

Sun sha faɗa a kan teburin nan. Shi komai so yake ya yi ƙarko, don haka wata rana ya kawo siririyar waya ya ce da ita za a yi wa furanni kara, su tsaya cak. Malama ta yi tsalle ta dire, ta ce abin da ba a ci ba zai hau kek ɗinta ba, yaro bai san waya ba, baki kawai zai kai. Suka yini ba mai kula wani. Washegari yana kallonta tana zuba taliya a tukunya, sai ya zare ɗanyen sili guda ya soka a gindin fure. Furen ya tsaya cak. Ta ce ashe kan nasa ba ƙarfe ne zalla a ciki ba. Damina kuma ita ce abokiyar gabarsu, don in iska ta yi laima sai furannin su yi laushi su sunkuyar da kai. Ya haɗa akwatin kwano, ya sa ƙwan lantarki a ciki don ɗumi, suka huta.

Hasken walda ya ci masa ido a hankali, har ya bar shagon ga wanda ya koya wa aiki, ya dawo gida gaba ɗaya. In ana hira yanzu, waɗannan shekarun ya fi ambata. Da hantsi su zauna gefen taga, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, ita tana kwaɓi da haɗa kala da tsinken sakace, shi yana naɗi. Ta ce wannan ya cika buɗewa, ya ce haka na Allah ma yake. Ta ce na Allah ba a biyansa. Su yi gulmar 'ya'yansu, su tuna ɗakin hayar nan da rufinsa mai yoyo, wani lokaci kuma su yi awa guda kowa na kan aikinsa, kwalba na ƙara a kan tebur.

Rashin lafiyar da ta ɗauke ta ba ta yi tsawo ba. Bayan an watse daga zaman gaisuwa, gidan ya yi masa faɗi. Wata safiya ya shiga kicin don ya rage wa kansa zaman banza, ya zuba sukari, ya fasa ƙwai, sai ya tsaya. Duk shekarun nan bai taɓa yin kwaɓin da kansa ba. Ita ba ta awo, da ido da tafin hannu take ganewa, shi kuma bai taɓa tambaya ba, don bai kawo ranar da zai buƙata ba. Ya gwada, ya yi ruwa. Ya ƙara gari, ya tsattsage. Ya wanke kwanon ya kife, ya rufe teburin da zane.

Auta ce ta matsa ya koma wurinta, a wani gidan bene mai ɗakuna uku. Ita ma ta gaji sana'ar, sai dai tata ta zamani ce: murhun lantarki, ƙananan kek na kofi, da wasu robobi da ake danna kwaɓi a ciki fure ya fito shiryayye. Yakan ɗauki ɗaya ya shafa, ya ji duk kamarsu ɗaya kamar sojoji a fareti, ya ajiye. Ta sha cewa, "Baba, ko za ka taya ni?" Ya ce ido ba ya gani. Ita ma ta san ba idon ba ne.

Haka aka tafi har ranar da wasu samari biyu suka zo. Mahaifinsu tela ne, zai ajiye aiki saboda tsufa, suna so a ɗora masa keken ɗinki na sukari a kan kek. Auta ta ce ba ta da robar wannan, su yi haƙuri. Baba Fure yana daga falo yana ji. Har sun kai bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"Keken nasa na ƙafa ne ko na hannu?"

Suka ce na ƙafa ne, irin na da. Ya ce su dawo ranar da suke so.

Akwai irin keken a gidan maƙwabciyar Auta. Ya sa aka kai shi, ya zauna ya shafa shi tun daga kai har matakin ƙafa, yana auna komai da yatsa. Auta ta yi masa kwaɓi da nata awon na kofi da cokali. Gunduwa-gunduwa ya yi shi kamar yadda ake haɗa gado, ƙafafu daban, tebur daban, kai daban, ya bari suka bushe, sannan ya liƙe su da farin ƙwai. Ƙafar farko ta karye, ya sake mai kauri. Kalar kuwa Auta ce ta shafa, baƙi da ɗan ruwan gwal, don shi yanzu launuka sun fara cakuɗe masa.

Samarin sun dawo daga baya suka ba da labari. Wai tsohon ya hana a taɓa keken, ya ce a kabad zai ajiye shi, amma kafin a gama ɗaukar hoto wani jikansa ya gutsure kan ya gudu. Baba Fure ya yi dariya har da tari, ya ce yaron ya fi kowa hankali.

Tun daga nan aiki ya same shi. An kawo masa na babbar mota, da na agogon bango, da na akwatin likita. Wardi dai bai sake naɗawa ba, Auta kuma ba ta tambaye shi dalili ba. Kwaɓinta yana aiki, ko da yake kullum sai ya ce ya cika santsi. Yanzu haka wani jirgin ruwa ne a gabansa, na wani yaro da zai cika shekara bakwai, shi kuwa bai taɓa ganin jirgin ruwa ido da ido ba. Ya sa mijin Auta yana kwatanta masa, su biyun suna ta gardama a kan ko gaban ne ya fi tsini ko bayan.