Hoton Gidan Kaka da Gilashin da Na Zaɓa

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun da farko kafin wani ya tausaya mini. Ba kyamara ce ta cuce ni ba, ba kuma ƙuncin tsakar gida ba. Na ɗauki hotunan da ban san iyakarsu ba a Mubi da kewayenta, amma wannan guda ɗaya da na ɓata ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina da ɗan shagon hoto a Sabon Layi. Ban yi nisa a boko ba, a hannu na koyi aikin wurin ogana, kuma da na fara samun bukukuwa sai kaina ya soma kumbura. Kakata ta wajen uwa tana zaune a Gude, a tsohon gidan mijinta. 'Ya'yanta maza biyu ne. Kawu Babba manomi ne, dattijo a cocinsu. Kawu Ƙarami ya musulunta tun yana saurayi, yana harkar shanu. Wannan ba baƙon abu ba ne a danginmu, da Sallah da Kirsimeti duk a kwano ɗaya muke ci. Abin da ya raba su gonar bakin kogi ce da mahaifinsu ya bari. Maganganu suka fita irin waɗanda ba sa komawa, aka yi shekaru ko hanya ba sa haɗawa.

Kaka ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi har ta ƙi cin abinci, kafin suka yarda za su zo gidanta rana ɗaya bayan girbi, kowa da iyalinsa. Sai ta aika a kira ni.

"Angona," haka take ce mini, "abu ɗaya nake so. Hoto ɗaya, kowa a ciki. Ba na son guntu-guntu. In rataye shi inda zan riƙa gani daga kan gado."

Na ce, "An gama, Amarya. Sai dai ki shafa hoda, kada ki ba ni kunya."

"Ja can, mijin da ko sabulu ba ya saya!"

Ana saura kwana huɗu, gilashin kyamarata ya suɓuce a wurin wani biki ya tsage. Na ruga Lamorde wurin ogana. Ya buɗe jaka ya ajiye mini gilashi biyu a kan tebur. Ɗaya mai faɗi ne, wanda ke kwaso ɗaki guda ko kana tsaye a bakin ƙofa. Ɗayan shi muke kira makiro, wanda ke kutsawa cikin ƙaramin abu har ka ga gashin ƙafar ƙuda. Ya ce ɗaya zan ɗauka, domin shi ma yana da aiki ranar.

"Taron gida ka ce, ko? Ɗauki mai faɗin nan ka kama hanya."

Amma hannuna yana kan makiro. Na yi makonni ina kallon hotunan tsofaffi a waya, hannuwa masu tamoji, idanu masu ruwa-ruwa, mutane suna ta zuba yabo a ƙarƙashi. Ga Kaka da zanen fuska irin na da, ga duwatsun wuyanta, ga zoben tagulla da ya nutse cikin yatsa. Na riga na hango sunana a bakin mutane.

Na ce, "Oga, ai wannan ma yana ɗaukar mutane. Ja da baya kawai zan yi."

"Ka ja da baya zuwa ina? Ka san gidan kuwa?"

"A gidan aka yanke mini cibiya."

Ya dube ni, ya mayar da mai faɗin cikin jaka. "To, Allah ya ba da sa'a. Wanda bai ji bari ba..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban tsaya ya ƙarasa ba.

Gaskiya ko a hanya zuciyata ba ta kwanta ba. Sau biyu na buɗe baki zan ce wa mai keke ya juya, sau biyu na haɗiye. Kunyar komawa gaban oga ta fi mini nauyi a kan bukatar tsohuwa.

Ranar taron na isa da hantsi, na zauna gaban Kaka na yi ta abin da ya kawo ni. Na ɗauki yatsunta suna ɓarar gyaɗa, na ɗauki zanen kumatunta, na ɗauki zoben. Tana ta kauda kai tana cewa, "Kai, wannan abin naka hancina zai shiga?" Hotunan suka fito kamar ka taɓa. Har wani ƙudan zuma da ya sauka a kan zangarniyar dawa na bi na ɗauka. Mutanen da ake taron dominsu kuwa ko sau ɗaya ban juya kyamara wajensu ba. Kawu Babba yana gindin mangwaro da mutanensa tun safe. Kawu Ƙarami ya iso bayan azahar, ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa, ya miƙa wa yayansa kan yatsu. Aka ci abinci, kowa yana auna maganarsa kafin ya fitar.

Da aka ce a tashi a yi hoto, sai aka ajiye kujerar Kaka a ƙofar ɗakinta, jama'a suka jeru dama da hagu. Mun haura arba'in. Kawu Babba ya tsaya can ƙarshen dama, Kawu Ƙarami can ƙarshen hagu. Kaka ta yafito su su matso kusa da ita, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ta ce, "Ba komai, a bar su. In dai suna ciki."

Na sa ido a kyamara. Abin da na gani Kaka ce kawai da kafaɗun innonina biyu. Na ja da baya. Na ƙara ja. Sai na ji bayana ya bugi rumbu. Na zagaya gefe, na taka turmi, na haye katangar garken awaki, na miƙe a kai ina tangaɗi. Iyakar abin da ya ƙaru 'yan jikokin da ke zaune a ƙafafunta. Kawunnaina biyu suna waje, ko gefen rigarsu babu. Gidan da na yi alfaharin na sani, ashe da idon yarinta nake tuna shi, lokacin da tsakar gidan take mini kamar filin ƙwallo.

Na sauko, na sake hawa, na murɗa nan na murɗa can kamar akwai abin da zai canja. Direban da ya kawo Kawu Ƙarami ya danna hon a waje, shi kuma ya duba agogo. Kawu Babba ya ɗaga murya ya ce, "Kai, mai hoto, hoto ne ko aikin tiyata?" Aka kwashe da dariya, har ƙanensa ya murmusa daga can ƙarshen layi.

Nan ne 'yar Kawu Babba, wadda ke karatu a birni, ta fito daga layi da wayarta. Ta ce, "Yaya, bari in taimaka, tawa tana kwaso fili sosai."

Da na yi shiru kawai, da an tsira. Amma sai na daka mata tsawa. "Sauke wayar nan! An gaya miki wasan yara muke? Duk wanda ya ɗaga waya, na fasa aikin!" Ta koma wurinta a sanyaye. Wasu biyu da suka fara laluben aljihu su ma suka fasa.

Yau in na tuna, hanyoyi a buɗe suke. Da na karɓi wayar yarinyar. Da na ce a ɗauki Kaka da kujerarta a fita fili bayan gida, inda zan ja da baya yadda nake so. Amma kowace hanya sai ta bi ta kan cewa na yi kuskure a gaban mutum arba'in, ni da nake yawo da kyamara a wuya tun safe ina ba da umarni. Sai na ce kowa ya yi murmushi, na danna sau uku.

Kaka ta ce, "Kowa ya shiga?"

Na ce, "Kowa ya shiga."

Innonina suka rangaɗa guɗa. Kafin in sauko daga katanga layin ya watse, kafin la'asar motar Kawu Ƙarami ta tashi.

Daga ranar ban ƙara zama da daɗi ba. Na yi ta kiran 'yan uwa da dabara, ina tambaya ko wani ya saci ɗauka. Babu. Ni na hana. Da na mayar wa oga gilashinsa na nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Je ka faɗa mata yau. Na gobe ya fi na yau nauyi." Ban je ba. Kaka ta aiko, na ce an kai Yola wanki. Ta sake aikowa, na ce mai firam ne bai gama ba. Na uku na ce matsalar wuta. Na daina zuwa Gude. In na hango mutumin can a kasuwa, sai in sauya layi kamar ɓarawon akuya. Wata rana innata ta kawo mini saƙonta: "Ta ce in gaya wa angonta, in saki ne ya aiko da takarda." Na yi dariyar yaƙe a gabanta. Hotunan hannuwan nan da na yi wa tanadin yabo, ko ɗaya ban iya sakawa a waya ba.

Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne girbi zai zagayo, a sake taruwa, in gyara ba wanda ya sani. Kamar ni ke riƙe da kwanakin mutane.

Tsakiyar damina Kawu Babba ya kwanta ciwo, bai yi mako biyu ba ya rasu. Kawu Ƙarami ya zo, ya tsaya a kan komai har aka sa ɗan'uwansa a ƙasa. Bayan kwana bakwai wayata ta yi ƙara, na ga shi ne. Muryarsa ta dushe.

"Ɗana, hoton nan na gidan Mama. Na duba ko'ina, ba ni da hoto ko ɗaya da ni da shi. Ka wanko biyu, ɗaya nata, ɗaya nawa."

Na wanko shi yadda yake. Washegari da safe na shiga gidan, na sami Kaka a ƙofar ɗaki ta rame, Kawu Ƙarami kuma yana zaune kusa da ita a kan tabarma. Na miƙa mata. Ta matso da shi kusa da ido, ta nisanta shi. Ta ɗora yatsa a kan fuskarta, ta ja shi a hankali zuwa dama har ya faɗo daga bakin takardar. Ta dawo ta ja shi zuwa hagu. Kawu ya leƙo, ya karɓa, ya juya bayan hoton.

Ya ce, "Wannan na tsakiya ne. Ina babban?"

A tsayen nan na gane abin da har yau nake gaya wa duk mai son koyon aikin nan. Bukatar mai aiki ce ke zaɓar kayan aiki, ba kwaɗayinka ba. Kuma zaɓen gilashi kuskure ne ƙarami, da kalma ɗaya ta gaskiya an gyara shi nan take. Girman kaina ne ya mai da shi abin da ba ya gyaruwa.

Na durƙusa a gabansu, na ajiye hulata a ƙasa.

"Babu babba, Kawu. Wannan ne kaɗai. Kaka, an ba ni gilashin da zai ɗauke ku duka, na ƙi, na ɗauko wanda zai sa a yabe ni. Tun ina kan katanga na ga ba su shiga ba. An zo taimaka mini na kori mai taimakon, kika tambaye ni na yi miki ƙarya, na yi ta ƙara wata a kan wata har mutuwa ta riga ni. Ba Yola, ba mai firam, ba wuta. Ni ne. Abin da kuka ba ni amana ba ni da hanyar dawo muku da shi. Don Allah ku yafe mini."