Ayun da Inna ta je nema a Giza

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta zo Alƙahira aikin ido, ɗana bai shiga makaranta ba tukuna. A nan aka haife shi, a ɗan gidanmu na haya da ke Hadayek el-Maadi, kuma bai taɓa ganin kakarsa ba sai a waya. Yanar ido ta rufe wa Inna idonta na hagu fari fat. Da yaron ya dubi idon sai ya shige bayan uwarsa, ya ƙi fitowa.

Inna ta yi duk dabarar kakanni. Ta kira shi maigidanta, ta ce ya bar ta babu cefane, ta ba shi ƙuli-ƙulin da ta ƙullo tun daga Yawuri. Shi ko gogan naka Larabcin Masar ne a bakinsa, Hausarsa ba ta wuce "ruwa" da "a'a" ba. Sai ya karɓi ƙulin ta hannuna ya gudu. Tana dariya, amma na san dariyar uwata, wannan ba ita ba ce. Abin ya dame ni ƙwarai, ga shi da an gama aikin za ta koma gida.

Wani maƙwabcinmu, Bahaushen Sudan, shi ya rantse mini cewa akwai ayu a gidan namun dajin da ke Giza, wai da idonsa ya gani. Inna 'yar masunta ce, a bakin Kwara ta girma. Tana jin haka ta gyara zama.

"Rabona da ayu tun ina budurwa," in ji ta. "Ka kai ni in gani kafin su taɓa mini ido, ba a san yadda aiki zai kaya ba."

Muka hau metro, jirgin ƙasan cikin birni, ranar wata Juma'a da safe, ni a tsakiya, ita a dama, yaron a hagu yana maƙale da rigata. Tun daga bakin ƙofar gidan namun dajin balbelu suka cika bishiyoyi, warin kashinsu ya tarye mu. Inna ta ce ashe har nan suka biyo ta, alhali ba ta zo da shanu ba.

A wajen tsuntsaye ba ta ganin komai sai inuwa, amma kunnenta garau. Wani ya yi kuka daga cikin keji ta ce, "Gauraka." Na duba, shi ne kuwa, da tukkunsa kamar sabuwar tsintsiya. Ta kwaikwayi kukan, gaurakan ya amsa. Yaron ya leƙo ta gefena, ya dube ta, ya dubi tsuntsun. Ta sake yi. Bai matso ba, amma bai ɓuya ba.

Na bar su a kan benci kusa da wani tafki mai agwagi, na je neman ayu. Na nuna wa wani ma'aikaci hoton a waya. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ma fish, ma'alish." Babu, kuma bai taɓa ji an kawo ba. Ya nuna mini inda wata dabbar teku mai gashin baki ke tsalle tana cafe kifi. Ita ce ayun maƙwabcina. Na tsaya ina jin haushinsa, ina kuma tunanin bakin da zan faɗa wa Inna.

Da na dawo sai na tarar ta sauka daga bencin, ta zauna dirshan a bakin tafkin kamar yadda ake zama a gaɓar kogi. Ta sayi latas, tana yage ganyen tana jefawa a ruwa a hankali. Yaron yana tsugune nesa kaɗan, ya ce in tambaye ta me take yi.

"Gaya masa ayu ba ya son hayaniya," in ji ta. "Ciyawa ake zuba masa a yi shiru. Hanci yake fara fitarwa. Macen kuma tana rungume ɗanta tana ba shi nono kamar mutum. Ka ce masa ni ba na gani, shi zai duba mini."

Na fassara. Yaron ya matso ya karɓi ganye daga hannunta, ba ta hannuna ba. Ya jefa. Agwagi suka rufar wa ganyen, ya kore su da raɗa. Ruwa ya ɗan motsa can tsakiya, ya damƙe gefen mayafinta, ya ce, "Teta, teta," wato kaka, yana nunawa. Kifi ne. Ya koma jira, gwiwarsa a jingine da tata, har ya manta da wane ido ne a ɓangarensa.

Rana ta fara zafi, lokacin masallaci na matsowa. Na durƙusa kusa da kunnenta.

"Inna, na tambaya. Sun ce..."

"Na sani," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Tun da na zauna na ji warin ruwan. Ayu ba zai sha wannan ba." Ta yagi wani ganyen ta miƙa wa yaron. "Kai dai je ka yi sallarka, kada ka gaya masa. Ka bar mu mu jira."