Kirarin da Kiɗa Ya Danne

In ka ji hayaniya a layin shagunan Oke-Ado, can Ibadan, ba sai ka tambaya ba, Baba Rasaki ne wani ya taɓa masa aiki. Shekara talatin da biyu yana tace bidiyon biki a ɗan shagonsa, tun zamanin kaset mai girman bulo. Rabin matan auren unguwar ta hannunsa suka wuce. Bidiyonsa awa uku ne ba ragi. Za ka ga ango da abokansa sun kwanta rub da ciki gaban surukai har sau uku, za ka ga wanda ya ƙoshi da tuwon amala da wanda ya tashi da fushi. Dokarsa ɗaya ce: in babba ya buɗe baki, kiɗa ya yi shiru.

To, sai auren Morenike ya zo, 'yarsa tilo. Uban amarya ai ba ya riƙe kyamara, don haka dangin ango suka ɗauko wani Damilare daga Legas, mai ɗan jirgin nan da ke ɗaukar hoto daga sama. Da sassafe Baba Rasaki ya ja shi gefe.

"Ka ga tsohuwar can? Mahaifiyata ce, Iya Abeke. In amarya ta durƙusa za ta yi mata kirarin gidanmu, kuma ita kaɗai ta rage da ta san shi daga tushe. Ka maƙala mata makirfo."

"An gama, Baba."

Ran nan tsohuwa ta yi kirari har maza suka riƙa share ido da bakin riga. Bayan mako biyu bidiyo ya iso ta waya, minti huɗu. Ga takalmi, ga zobe, ga rufin zaure daga sama. Iya Abeke ta leƙo sau ɗaya, an rage wa hoton gudu, baki na motsi kamar na tarwaɗa, wata waƙar soyayya ta danne ta.

Baba Rasaki ya sa aka kira yaron har shago da ɗanyen hoton da ba a tace ba. Suka kunna. Ba komai sai rurin janareta da ihun lasifika.

"Ina makirfon?"

"Baba, ai salonmu ba ya buƙatar murya. Haka ake yayi yanzu. Wa zai zauna awa uku?"

"Yayi! Takalmi ya samu daƙiƙa ashirin, uwata ta samu shida! Takalmin ne ya haife ni?"

"Mutum dubu tara suka kalla fa."

"A cikinsu wa ya san sunan kakan kakan amaryar? Kai ba mai tace hoto ba ne, mahauci ne, mahaucin ma mai zubar da tsoka ya ajiye ƙashi. Tashi ka ba ni wuri!"

Ko la'asar bai jira ba, ya saɓi tsohuwar kyamararsa sai gidan tsohuwa. Ya kwanta ya gaishe ta, ya ce ta taimaka ta maimaita.

"In yi wa wa? Wannan baƙin akwatin? Rasaki, furfura ta cika maka kai amma hankali bai iso ba. Amarya ake yi wa."

"Iya, sai in kira Morenike ta sake sa kayan bikin."

"Matar wani? Sau nawa ake fitar da yarinya daga gidan ubanta?"

Ya yi magiya har ya gaji. Don haushi ya miƙa mata wayar, ya ce to ta ga yadda aka mai da ita. Ta ƙura ido, ta sa a sake kunnawa.

"Wace ce wannan mai tauna iska?"

"Ke ce, Iya."

"Ni? Wane marar kunya ne ya toshe mini baki ya sa wani ƙato yana kukan soyayya a kaina?"

Sai ta dafa sanda ta miƙe, ta nuna wayar da yatsa, ta ɓarke da kirari, tana jero kakanni ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagi. Baba Rasaki ya lallaɓa ya danna kyamara, ko numfashin kirki bai yi ba. Da ta iso baitin ƙarshe, wanda ake saka sunan amarya a ciki, sai ta tsuke baki ta zauna.

"Saura kaɗan, Iya."

"Wannan nata ne, ta tafi da shi gidan miji."

Ya koma shago ya ɗora muryar a kan ɗanyen hoton bikin. Baki daban, magana daban, abin da bai taɓa bari ya fita daga hannunsa ba. A ƙarshe kuwa tsohuwa na ta motsa baki, Morenike na kuka a gwiwarta, ba a jin komai. Maƙwabcinsa tela ya leƙo ya ce ko ɗan kiɗa ya sa ya rufe wurin.

"Ka koma kan kekenka," in ji Baba Rasaki. Haka ya aika wa 'yarsa da shi.