Sahabi, Wakilin Da Ban Aika Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sahabi mai shago ya rasu.

Labarin ya iske ni da safiyar nan ina bai wa tumaki dusa, ban san sanda kwanon ya faɗi daga hannuna ba. An ce ƙirji ne ya riƙe shi bayan ya dawo sallar Asuba, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Da hantsi muka kai shi makwancinsa, nan Gwandu.

Ni ban yi boko ba. Ɗiyata ce ke buga wannan a waya, na kuma ce mata kada ta gyara min magana ko ɗaya.

Ba ni da abokai da yawa, ba na kuma neman ƙari. Sanda uwar 'ya'yana ta rasu, akwai waɗanda muka ci tuwo kwano ɗaya da su amma ba su tako ƙofar gidana ba. Ina sane da su. Wasunsu ma suna karanta wannan.

Sahabi ya zo. Da ya ga kwanaki sun ja na kulle kaina a gida, ya sake dawowa, ya tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Labbo, taso! Akwai wani mutum cikin talabijin, taurin kansa irin naka. Zo ka gaida ɗan'uwanka."

Na ce ni ba na kallon rawa da waƙa. Ya ce babu rawa, babu waƙa, faɗa ne kawai. Shi ya sa na bi shi.

Wasan barkwanci ne, duk Alhamis bayan Magariba, Sahabi ya fito da talabijin ƙofar shago ya ɗora kan tebur. Wani mai faci ne a tasha, da wata mai abinci da rumfarta ke jikin tasa. Kullum cacar baki. Ya ce miyarta ba gishiri, amma ba ya cin ta kowa sai tata. Ta ce ƙarar injinsa na kore mata masu ciniki, amma ranar da bai fito ba sai da ta ƙona shinkafa don leƙen hanya.

Akwai ranar da ruwa ya tsuge musu. Mai faci ya ciro laimarsa ya kafa kan murhunta, shi ya tsaya ruwa na dukansa. Ta dube shi. Ya ce, "Kada ki ɗauka don ke ne, in wutar ta mutu hayaƙi ni yake damu." Duk benci aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Mu haka muka san so. Ba wannan na yanzu ba, yaro ya ga yarinya yau, gobe suna zagaya bishiya suna karkaɗa kafaɗa. A wancan wasan an yi damina an yi rani ba wanda ya ce wa wani ina sonki. Sai dai ka ga ta ajiye masa ƙanzo a gefen tukunya, ko shi ya gyara mata ƙafar benci ya ce ƙusa ce ta rage masa. Kana dariya kana jira. Jiran nan shi ne daɗin.

Sahabi ya san kunnena na hagu ya yi nauyi, sai ya ajiye min kujera mai majingina daidai inda sauti ke fitowa. In rubutu ya fito a gilashin, sai ya karanta da ƙarfi kamar kansa yake karanta wa, don kada yaran benci su gane ni ake yi wa. In an ɗauke wuta ya ta da janareto, ko da mu biyu ne kaɗai. Bai taɓa goranta min ba.

To, gefen shagon akwai mai tuyar masa, Kulu. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana tuya tana kallo ta kafaɗa, ta kan ce, "Wanga mai faci sai ya mutu bai buɗe baki ba."

Ban san yadda aka fara ba. Ni dai na ga tawa masar kullum ita ce mai soyayyen gefe, kuma ba yaji, saboda olsa. Ni kuma in na dawo gona sai in sauke mata damin kara in ce ya yi min yawa ne.

Wata Alhamis Sahabi ya matso ya ce min ƙasa-ƙasa, "Ni talabijin biyu nika kallo, kuma na bakin murhun nan ya hi daɗi." Na ce ya kiyaye ni.

Ga inda matsalar take. Waliyyin Kulu shi ne wanta, Modi, makiyayi, yanzu yana zaune Wurogauri can ƙasar Kalgo. Shekarun baya shanunsa suka faɗa gonata ta Dodoru dawa ta fara ja, suka yi mata ƙarƙaf. Shekarar nan sai da muka ci tsakin da ake bai wa kaji. Ban kai shi ƙara ba. Kalma ɗaya na jira, ya ce ka yi haƙuri. Bai ce ba, ya kora shanunsa ya yi yamma. Na rantse wa kaina ba ni ba neman wani abu a hannun Modi.

Sahabi ya sha cewa, "Ka wakilta ni in kai goro." In ce masa mai faci ma bai yi gaggawa ba.

Alhamis ɗin da ta wuce ce ganinmu na ƙarshe. A wasan, mai faci ya sa sabuwar riga ya zo har bakin rumfa, ya buɗe baki, sai ya ce a zuba masa wake. Muka yi ta dariya. Da aka tashi Sahabi na naɗe wayar talabijin, ya ce, "Labbo, su waɗanga suna da Alhamis mai zuwa, an riga an rubuta musu. Ni da kai wa ya rubuta muna?"

Na ce, "Kai dai ka cika surutu."

Ya ce, "Ni wakilinka ne ko ba wakilinka ba?"

Don ya ƙyale ni na ce, "In ranar ta zo, wa gare ni in ba kai ba?" Ya ce to madalla. Na ɗauki sandata na tafi, ko waiwaye ban yi ba.

Ranar Asabar na ga shago a rufe, aka ce ya tafi Kalgo sayen shinkafa.

Yau a maƙabarta, an gama rufe shi mutane na watsewa, sai na ji an kama hannuna. Modi ne. Ya tsufa, da kyar na gane shi. Tun safe aka buga masa waya ya hawo mota.

Ya ce, "Labbo, goronka ya iso ran Asabar, na karɓa."

Na ce, "Wane goro?"

Ya ce, "Wanda wakilinka ya kawo. Sai da ya tambayi Kulu kafin ya taho, ta ce masa sai yanzu? Ni na tayar da maganar dawa, na ce da wane ido zan dubi Labbo. Ya ce min, bakin wakili bakin mai aike ne, na yafe dawar da bakin Labbo." Modi ya ƙara damƙe hannuna. "Amma ni ina son in faɗa maka da kaina. Shanuna ne. Kunya ta hana ni dawowa. Ka yi haƙuri."

Jama'a, ban aiki Sahabi ya yafe dawa ba. Da yana raye, da yau an ji mu har bakin kasuwa.

Amma da bakina na ce masa wa gare ni in ba kai ba. Kowa ya sani, abin da wakili ya ƙulla a gaban waliyyi ba a kwance shi. Ba kuma zan tsaya kan ƙasar kabarinsa tun ba ta bushe ba in ce maganarsa ba tawa ba ce.

Na ce wa Modi na yafe. Dawar dai an ci ta, wannan ba ya canjawa. Amma na yafe.

Da na biyo ta shagon, Kulu ba ta hura wuta ba yau. Tana zaune cikin mata masu karɓar gaisuwa. Na yi mata ta'aziyya, ta yi min. Ba mu ƙara komai ba, ba ranarsa ba ce. In an share makoki Modi zai sa rana. Wanda zai zauna min a gurbin Sahabi ranar ɗaurin aure ne ban sani ba tukuna.

Gobe Alhamis. Ban sani ba ko mai faci zai buɗe baki. Ni dai an buɗe min nawa.

Ya Allah, Sahabi ya fito da ni daga ɗaki lokacin da duniya ta yi min ƙunci, Ka yalwata masa kabarinsa. Ya yafe abin da ba shi aka yi wa ba don ya gyara tsakanin mutane, Ka yafe masa nasa duka. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ka bai wa iyalinsa haƙuri, Ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka yi masa addu'a. Har ku da ba ku zo min gaisuwa ba, yau ba na riƙe da ku. Ku dai ce amin.