Marurun da Ya Gagari Baba Oyelakin

A unguwarmu ta masaƙa a Iseyin, da wuya ka sami wanda allurar Baba Oyelakin ba ta taɓa shiga ɗuwawunsa ba. Shi ne mai kemis ɗin bakin layi. Da ƙuruciyarsa ya yi shekara goma sha ɗaya yana wankin ciwo a wani asibitin mishan, kuma bai taɓa gajiya da ba da labarin zamanin ba.

"A gabana aka kawo mutum ana masa kuka," yakan ce, "aka yi masa fenisilin. Kwana biyu ya tashi yana neman tuwon amala."

Ina tuna warin maganin aidin a shagon, da tukunyar da yake dafa sirinji a kan risho, da ƙarar masaƙa tana shigowa ta taga. Mahaifina, Lasisi, amininsa ne tun suna yara. Kullum bayan la'asar zai bar saƙa ya je su zauna a benci suna cin namijin goro suna tsokanar juna.

"Likita marar takarda, yau mutum nawa ka kashe?"

"Kai dai masaƙi marar riga, zauna kafin in soke ka."

A lokacin kafso ja-da-yalo ne maganin komai. Mai tari ya sayi biyu, mai gudawa ya sayi biyu, da ya ji sauƙi shi ke nan. Mata kan fasa shi su barbaɗa a gyambo. Kakata har kajinta take jiƙa wa. Baba Oyelakin yakan naɗe su a 'yar takarda ya miƙa da addu'a, kuma galibi ana warkewa.

Shekarar da na gama sakandare maruru ya fito wa mahaifina a cinya. Mutum ne ƙaƙƙarfa, bai taɓa kwana a asibiti ba. Baba Oyelakin ya duba ya yi dariya.

"Wannan ɗan abin? Kwana uku ka koma kan masaƙarka."

Ya naɗe masa kafso. Kwana uku suka wuce ba sauƙi, ya canja magani. Ya koma allura. Ranar ta takwas cinyar ta kumbura kamar turmi, zazzaɓi ya sa mahaifina yana kiran sunan mutanen da suka mutu. Baba Oyelakin da kansa ya nemo mota, ya riƙe kan amininsa a cinyarsa har asibiti a Ibadan.

Wata matashiyar likita ta ɗebi mugunyar aka kai gwaji. Da sakamako ya fito ta ce ƙwayar cuta ce mai zafin gaske, kuma cikin magunguna bakwai da aka gwada, shida ba sa taɓa ta.

"'Yata, ai bai taɓa kwanciya a asibiti ba," in ji Baba Oyelakin. "Ina ya ɗauko ta?"

"Baba, yanzu a cikin gari take yawo. Ana shan magani rabi-rabi, ana sha ba dalili, har ta saba da shi."

Baba Oyelakin ya cire hularsa ya yi ta murza ta a hannu.

Mahaifina ya rayu bayan mako bakwai a kwance, amma an yanke nama mai yawa a cinyar, ƙafar ba ta ƙara iya taka masaƙa ba. Daga nan Baba Oyelakin ya daina sayar da kafso bibbiyu. In mace ta zo sai ya ce, "Iya, kawo takardar likita." Suka ce tsufa ya taɓa masa kai, suka koma wajen masu tallar magani a tasha.

Wata rana na ji mahaifina yana masa faɗa. "Kai ka cika ɗora wa kanka. Ni sau nawa na sha biyu na jefar da sauran?"

"Ni na naɗe maka su, Lasisi."

Shekara shida bayan haka Baba Oyelakin ya rasu, yana zaune a kujerarsa da hantsi. Yanzu mai gyaran waya ne a shagon. Mahaifina yana nan da ransa, yana dogara sanda. In zai je kasuwa ba ya bi ta gaban shagon, ta bayan masallaci yake zagayawa, ko da yake hanyar ta fi nisa.