Batir Huɗu Sababbi

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko ta Ɗan Kassari, na shigo gida da gudu ina ɓoye da batir huɗu sababbi a bakin zanena. Kwana biyar na yi ina roron wake a gonar Gwaggo, ƙanwar Babana, kafin na tara tiya ɗaya na kai wa mai tebur ya musanya mini. A ganina ranar babu yarinya mai wayona a duk Arewa.

Mu biyu ne a gidan, ni da Baba. Innata ta rasu ina da shekara shida. Kafin aurenta ta yi aikin girki a Dogon Dutsi, gidan wata Baturiya ma'aikaciyar asibiti, wadda da za ta koma ƙasarsu ta bar mata tsohuwar rakoda da kaset ɗaya na kiɗan piyano, babu waƙa babu ganga. Shi Inna take sakawa idan tana tankaɗe. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai kiɗan nan ko iskar bori ba za ta hau kansa ba.

Tun da Inna ta rasu Baba ya rage magana. Zai dawo daga gona, ya jingine hauya, ya ci tuwo, sai dai ya ce mini an gode. Ni kuma in ja ruwa, in yi surfe, in ɗaure awaki, ina jin 'yan mata suna gaɗa a dandali amma ƙafata ba ta kai ni. Abu ɗaya ne yake haɗa mu. Bayan la'asar yakan sauko da gurminsa, ni in danna rakoda, ya riƙa bin piyanon a hankali da tsirkiya biyu. Ya daɗe yana ja yana sassautawa kafin muryar gurmin ta zauna daidai a kan ta piyanon. A wannan ɗan lokacin kaɗai nake jin ina da uba, kuma kullum ina tsoron ranar da zai daina.

Ba mu taɓa sayen sabon batir ba. Waɗanda mushe, malaminmu na lakwal, ya gama da su a rediyonsa nake roƙowa, in shanya su a rana bisa murfin kwano, in ɗan ciccije su, sai su farfaɗo. Haka Inna take yi, haka na gada. Abin da ban sani ba shi ne, batir mai rauni yana jan kaset a hankali, kiɗan ya yi nauyi, muryarsa ta sauka ƙasa. Duk shekarun nan piyanon da muka sani gajiyayye ne, mu kuwa mun ɗauka haka Allah ya yi shi.

Da la'asar ta yi na zura sababbin na danna, ina ta washe baki. Kiɗan ya fito tas, da ƙarfi, yana gudu. Baba ya taɓa gurmi, sai muryoyin biyu suka yi karo, abin ba daɗin ji. Ya ja tsirkiya, bai kamo ba. Ya ƙara ja, sai ta tsinke ta bugi bayan hannunsa. Ya kalli rakodar ya yi magana.

"Ɗiyata, wanga ba kiɗin uwakki na ba. Wanga sauri shikai."

Ya tashi ya rataye gurmin a ƙusa. Ni da taurin kai na ce ai yanzu ne ya fi kyau, don haushi nake ji bai yaba wahalata ba. Kafin wata ya ƙare batiran suka yi sanyi, kiɗan ya koma yadda yake, na yi ta sakawa ina satar kallonsa. Gwaggo ma ta sa baki a kan ya sauko da gurmin, ya ce mata shi yanzu ya ji yadda abin yake, ashe shekara da shekaru yana bin abin da babu. Bai sake ɗaura tsirkiya ba har ya koma ga Allah.

Yau a wani gidan rediyo nake aiki a Dogon Dutsi, ni ce mai haɗa sauti. Kwamfuta tana nuna mini saurin kowane kiɗa da muryar da aka ɗora shi a kai, har ta faɗa mini wanne zai shiga cikin wanne ba tare da karo ba. Bara na sa aka kwafe mini kaset ɗin nan. Wata rana da tsakar rana, abokan aiki sun fita cin abinci, na riƙa jan saurin ƙasa kaɗan kaɗan, muryar tana sauka, har na iso inda ƙirjina ya gane. Na ji ƙarar rariyar Inna, na ji inda gurmi ya saba shigowa, wurin a buɗe.

Da yatsa ɗaya na gyara shi, cikin minti biyu. Babu wanda zan kira ya zo ya ji.